Kafin faiba ta iso ƙofar gidanka: a binne fayif, a bi bango, ko a dogara da Wi-Fi?

Ranar da masu wayarin suka gama sassaƙe bangon gidan da yayana yake ginawa a bayan garin Kano, ya kira ni a waya. Ya ce, "Mai wayarin ya ce in akwai abin da za a ƙara in faɗa masa yau, don jibi birkiloli za su fara filasta. Na ga ana jan wata baƙar waya a falwayoyin babban titi, an ce ta intanet ce. Akwai abin da ya kamata in yi yanzu, ko in bari sai mun tare?" Na ce, "Yaya, don Allah ka sa su dakata da filastar nan kwana biyu, ina tafe."

Na roƙi kwana biyun ne saboda na sha ganin gidan da aka kashe wa dukiya, an yi masa silin na POP, an shimfiɗa tayil, an sha fenti, sai bayan shekara guda a zo da injin huda bango a ratsa falo da waya kamar igiyar shanya. Tun ran gini tun ran zane. Amma ba kowa ne ke gini ba. Wani ya tare shekara goma da suka wuce, wani haya yake yi, kuma kowannensu da hanyar da ta fi dacewa da shi.

Ba don an saba ganin faiba, wato wannan baƙar wayar intanet, a unguwanninmu nake wannan magana ba, sai don alamun zuwanta sun bayyana. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun daɗe da sauka Legas: MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta Google ta iso a 2022. Inda aikin ya tsaya shi ne tsakanin babban titi da ƙofar gida, kuma kuɗin izinin haƙa gefen hanya da jihohi ke karɓa na cikin abin da ya riƙe shi. A 2020 jihohi da dama suka sauko zuwa naira 145 a kowace mita, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Layin da ba ta shiga bana ba tana iya shigarsa baɗi ko baɗin baɗaɗa, shi kuwa gida na shekara talatin ne ko arba'in.

Halin abin da za a shigo da shi

Baƙar wayar da ake gani a falwaya riga ce kawai. Abin da ke ciki zaren gilashi ne mai kaurin maikiron 125, kusan kaurin gashin kai, hasken da ke ɗauke da saƙo kuma yana bin tsakiyarsa ne, inda faɗin bai wuce maikiron 9 ba. Gilashin ba ya ɗaukar wutar lantarki, ba ruwansa da janareto ko taransifoma. Abubuwa uku ne ba ya jurewa: a karya shi a kwana, ƙura ta hau bakinsa, ko ɓera ya sa masa haƙori. Tsohon nau'in, G.652, ba ya son lanƙwasar da ta fi bakin kofin shayi matsewa. Wanda aka fi shigarwa gidaje yanzu, G.657, ya fi haƙuri, amma duk da haka ni da ma'aunin kofin shayin nake aiki. In ya katse kuwa ba a ɗaure shi da salatif kamar wayar fitila. Sai an jira masu injin da ke narka baki biyun ya haɗe su, kuma jiran yana iya zama kwanaki.

Yawancin kamfanoni da tsarin GPON suke aiki. Zare ɗaya ne ke fitowa daga ofishinsu, ya iso wani ƙaramin akwati a jikin falwaya, a can a raba haskensa wa gidaje 32 ko 64. Wannan akwati ba ya cin wuta ko kaɗan, kuma za mu dawo kan amfanin hakan. Daga nan zarenka zai taho ya ƙare a cikin wata na'ura mai kama da rauta, wadda ake kira ONT. Aikin kamfani a nan yake tsayawa. Duk abin da ya biyo baya naka ne.

Shigowa: ta sama ko ta ƙasa

Ta sama ita ce hanyar da ma'aikatan kamfani za su bi in ba ka shirya musu wata ba. Su ja daga falwaya zuwa gefen rufi, su huda bango, su shiga. Aikin awa biyu ne, ba ka haƙa komai ba. Illarta ita ce wayar tana fili: tifar yashi mai tsayi, iskar farkon damina, reshen darbejiya, ko mai gyaran wuta da ya jingina tsani, kowanne na iya tsinka ta. In dole ta nan za a bi, ka tsaya a kansu su huda bango da gangare zuwa waje, su kuma bar wayar ta ɗan sauko ƙasa da ramin kafin ta hau ta shiga, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya biyo ta cikin ɗaki.

Ta ƙasa tana buƙatar fayif na roba, milimita 25 ko 32, daga jikin katangar da ke kallon titi zuwa cikin gida, a zurfin kamar rabin mita, a zuba masa yashi sama da ƙasa. In tsakar gida ƙasa ce tukuna, aikin lebura ɗaya ne na yini guda. In an riga an shimfiɗa intalok ko an zuba kankare, kuɗin ya ninka. Ruwa kan taru a irin wannan fayif, shi ya sa sai da waya mai rigar waje, kuma a rubuta inda ya bi don kada mai haƙa sokawe ya datse shi wata rana.

Ni abin da na fi so shi ne a haɗa biyun. A bar kamfani ya kawo ta sama zuwa kan katanga, tunda titi ba naka ba ne, daga nan ta faɗa bakin fayif ɗinka ta bi ƙasa. Dokoki biyu na wannan fayif ba a sassauta su: kada kwana ta wuce biyu kafin a sami akwatin da hannu zai iya shiga, kuma a yi kwanar da faɗi, ba da ƙaramar gwiwar fanfo ba. A bar igiyar nailon a ciki, a toshe baki biyun saboda ɓera da zanzaro.

Inda zaren zai ƙare

Shawarar da aka saba ji ita ce a sa na'urar kamfani a tsakiyar gida don sabis ya kai ko'ina. Wannan shawara ba ta yi la'akari da irin gidajenmu ba. ONT ita ce abin da ma'aikaci zai zo dubawa duk ranar da jar fitilar LOS, mai nuna haske ya yanke, ta kama, kuma a gidan aure ba kowane lokaci namiji baƙo ke shiga ciki ba. Maigida na kasuwa, intanet ya ɗauke, mai gyara ya zo ya tsaya a ƙofa: sai a ɗage zuwa Asabar. Saboda haka na fi son a raba aikin gida biyu. ONT ta zauna inda baƙo ke iya kaiwa, falon baƙi ko ɗan sito kusa da zaure, sannan waya ta ɗauki intanet ɗin zuwa ciki, inda na'urar watsa Wi-Fi za ta zauna. Ga wani amfanin kuma: zaren gilashin bai yi doguwar tafiya cikin gida ba, balle yaro ya ja shi ko a danne shi da kujera.

Wurin ya kasance da soket biyu ko uku, da iska, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Ban yarda a ɓoye ta cikin silin ba. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, a Kano ko Sakkwato kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana kai hakan, balle ƙarƙashin kwano. Kicin ma a'a, saboda hayaƙi da maiƙo.

Daga nan ne hanyoyin suka rabu uku.

Hanya ta farko: waya a cikin bango

A nan ana binne fayif daga wurin ONT zuwa kowane wuri mai muhimmanci, a zura wayar intanet ta jan ƙarfe a ciki. Kowace waya ta taso daga wuri ɗaya ta tafi kai tsaye inda za ta, ba a yi mata reshe a hanya kamar wayar fitila. Wannan shi ne kuskuren da mai wayarin da bai saba da aikin ba yake fara yi, don a wutar lantarki daga soket ake tsallakawa soket. A intanet in an yi haka an yi asarar wayar. Duk wayoyin su haɗu a na'urar raba layi, wadda masu sana'ar ke kira suwic, kusa da ONT.

Wace waya? Cat5e tana ɗaukar gudun gigabit ɗaya, wato megabit 1,000, har tsawon mita 100. Cat6 ma haka, amma tana iya kai gigabit 10 in tsawon bai wuce kamar mita 55 ba, kuma a gida da wuya a sami layin da ya kai haka. Cat6A tana kai gigabit 10 a mita 100, sai dai ta fi kauri, ta fi tsada, ta fi wuyar lanƙwasawa. Ga gidan zama Cat6 ce daidai. Kwali ɗaya mita 305 ne, yakan ishi gida mai ɗaki huɗu.

Inda ake cutuwa shi ne ingancin wayar, kuma zan daɗe a nan don abin da aka binne ba a cika komawa kansa ba. Akwai wayar da aka rubuta wa Cat6 a riga, amma cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Wani lokaci za ka ga CCA a kwalin, wani lokaci ba a rubuta komai. Ta fi araha nesa ba kusa ba, ranar farko kuma tana aiki lafiya. Daga baya take karyewa a bakin soket, kuma tana zafi in aka tura wuta ta cikinta zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi. Gwajinta ba wuya: ka feɗe silli ɗaya ka kankare shi da wuƙa. In fari ya fito a ƙarƙashi, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma ƙirga sillayen, takwas ne, biyu-biyu a murɗe. Gigabit na buƙatar duka takwas ɗin. In ɗaya ya katse ko ba a matse shi da kyau ba, layin yakan koma megabit 100 ba tare da ya sanar da kowa ba, kana ta zargin kamfani alhali matsalar na cikin bangonka. Don haka kafin ka sallami mai aiki, ya sa testa a kowane layi a gabanka, ka ga fitilu takwas sun kama bi da bi.

Fayif ɗin intanet daban, na wuta daban. Kada a yarda su kwana a bututu ɗaya, saboda haɗari da kuma saboda wutar na dagula saƙo. In suna tafiya gefe da gefe a bar kamar taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu, in za su haɗu su gitta juna. Fayif mai milimita 20 waya biyu yake ɗauka cikin walwala, mai 25 uku ko huɗu. Kada a cika shi, a bar fiye da rabinsa fanko.

Ba kowane ɗaki ne ke buƙatar soket ɗin intanet ba, kuma a nan ake rage kuɗi. Wuraren da ba na bari su wuce: bayan talabijin a falo, teburin da ake aiki ko karatu, tsakiyar silin a kowane ɓangare na gidan, da kusurwoyin da za a iya sa kyamara. Na silin ɗin su ne mafi daraja, domin nan za a maƙala na'urorin watsa Wi-Fi, kuma wayar da ta kawo musu intanet ita za ta kawo musu wuta ta tsarin PoE, ba sai an yi soket a sama ba. Sai kuma fayif ɗaya fanko da ya hau rufi. In faiba ta yi jinkiri ka koma Starlink ta tauraron ɗan Adam, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ko eriyar 5G ta waje, hanyar saukowarta a shirye take.

Wannan hanya ta fi kowacce ƙarfi da daɗewa, ba abin da ake gani a bango, kuma in gini bai kai filasta ba kuɗinta kaɗan ne a cikin kuɗin wayarin. In an riga an yi fenti kuwa, labari ya canja: sassaƙa, ƙura, sabuwar filasta, sabon fenti, kuma tabon ba ya ɓoyuwa sarai. Ban cika ba mai gamammen gida shawarar ya fasa bango ba, sai in dama gyara zai yi.

Wanda kuɗinsa ya ƙare a gini, kuma na san haka kan faru dab da tarewa, ya binne fayif ɗin kawai da igiya a ciki. Waya ta jira. Fayif ne ba ya jira.

Hanya ta biyu: bin bango ta waje

Waya iri ɗaya ce, gudu iri ɗaya, bambancin kawai ana ganin hanyarta. Ana sa ta a cikin farin kwararon roba mai murfi, wanda masu wayarin ke kira tirankin, a bi gindin bango ko ƙarƙashin silin. Mutane kan raina wannan hanya saboda kwalliya, amma ga gidan da aka riga aka tare ita ce ke ba da kusan duk amfanin ta farko ba tare da an fasa komai ba. Tana ma da abin da ta fi ta: in waya ta lalace, murfi za a ɓalle a canja.

Kafin a sayi kwararon, a leƙa abin da gidan yake da shi. In ba gidan sama ba ne kuma yana da silin, yawancin tafiyar a sama za a yi ta, abin da zai fito fili saukowa ce kawai, in ma na'urar a silin za ta zauna ba abin da zai fito. Sai dai a sama ɓeraye suke, don haka ko a can a sa ta cikin fayif. Gidaje da yawa kuma suna da fayif ɗin wayar dish da aka daina amfani da ita. A ɗaura sabuwar waya a bakin tsohuwar a ja, sau da yawa tana wucewa. Gidan sama mai dakin shi ne mai wuya. A nan ko a bi gefen matakala, ko a fita ta waje a hau bango a sake shiga, kuma in za a fita rana sai da baƙar waya mai rigar waje, don farar ta cikin ɗaki rana na gasa ta ta farfashe.

Akwai gidajen da ba gini ɗaya ba ne: ɓangaren maigida, ɓangaren iyali, shagon samari a bakin ƙofa, wani lokaci da gidan ƙane a cikin katanga ɗaya. Kada a rataya wayar jan ƙarfe a sama tsakanin gini da gini. Tsawar damina ko ba ta faɗo kan gidan ba tana iya tura wuta ta cikinta ta ƙona na'urorin ɓangarorin biyu. A binne ta cikin fayif. In nisan ya doshi mita 100, ko kowane gini da mitarsa, gara a ja zaren faiba tsakaninsu, a sa ƙaramar na'urar da ke juya haske zuwa waya a kowane baki. Gilashi ba ya kai wa maƙwabci wuta.

Hanya ta uku: Wi-Fi kaɗai

Wannan ita ce abin da yawancin mutane ke ƙarewa da shi, ba don sun zaɓa ba, sai don ita ce ke faruwa in ba a zaɓi komai ba. ONT ɗin kamfani galibi tana da Wi-Fi a jikinta, a kunna a raba lambar sirri, shi ke nan. A ɗaki ciki da falo, ko ƙaramin gida mai ɗaki biyu, ta isa, kuma ba dalilin da zai sa mai irin wannan gida ya kashe ƙarin ko sisi.

Matsalar tana farawa ne da girman gida da kayan gininsa. Gudun da ake rubutawa a kwalin rauta a fili ake samunsa, mu kuwa da bulo inci tara muke gini, da dakin mai rodi, da ƙofofin ƙarfe. Ginin ƙasa na cikin birni ma kaurin bangonsa na shanye sabis. Wi-Fi galibi na tafiya a kan zango biyu, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma ba shi da gudu, kuma hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, don haka in maƙwabta sun yi yawa sai cunkoso. Na 5 yana da gudu sosai, amma bango biyu na bulo sun isa su karya shi. Sakamakon shi ne ka biya kuɗin megabit 50, a falo ka same su, a uwar ɗaki kiran bidiyo yana yankewa.

Maganin da ake fara saye shi ne ƙaramar na'urar ƙara zango da ake cusawa a soket. Ita da baki ɗaya take saurare take maimaitawa, saboda haka gudun yakan ragu da kusan rabi, kuma in aka sa ta inda sabis ya riga ya raunana, raunin take yaɗawa. Sandunan waya su cika, shafi ya ƙi buɗewa. Ban ba kowa shawarar ta ba. Haka na'urorin da ke tura intanet ta wayar wutar gida: a gidan da ake juyawa tsakanin NEPA da janareto da inbata, ko mai layin wuta uku, ba su da tabbas.

Abin da ya fi su shi ne saitin na'urori biyu ko uku da ake rubuta wa Mesh a kwali. Suna magana da juna, suna ɗauke da suna ɗaya, wayarka na sauya su kana tafiya ba ka sani ba. Ga ɗan haya wannan ce amsa: ba huda, ba neman izinin mai gida fiye da ramin shigowa, ranar tashi ka zuba su a jaka. A jera su ta yadda kowace na jin 'yar'uwarta da kyau, bango ɗaya tsakani, ba a kai ta can ƙuryar da ba sabis ba. Masu zango uku sun fi masu biyu, don sun ware zango ɗaya na maganarsu, amma kuɗinsu ya fi. A kuma duba ramukan wayar da ke bayansu su zama na gigabit, don akwai masu araha da ramukansu ba sa wuce megabit 100.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne waɗannan na'urorin ma sun fi aiki in aka haɗa su da waya. Ke nan hanya ta uku ba kishiyar ta farko da ta biyu ba ce. Wayoyin hannu dole da Wi-Fi za su hau. Tambayar ita ce me ke ciyar da na'urar Wi-Fi ɗin, waya ko iska. Waya ɗaya tak, daga falo zuwa ɓangaren iyali, takan gyara abin da na'urori uku masu tsada suka kasa.

Wuta

Na ce akwatin da ke falwaya ba ya cin wuta. Ma'anarsa ita ce in an ɗauke wuta a unguwa, haske na nan yana zuwa muddin ofishin kamfani na kunne. Gidanka ne kawai zai yanke kansa. ONT da rauta tare sukan ci kamar wat 10 zuwa 20. In muka ɗauki 15, a yini da kwana wat-awa 360 ke nan, abin da inbata ko sola ba za su ji nauyinsa ba. Mai inbata ya tabbatar soket ɗin ONT na kan layinta, kuma wannan ma magana ce ta ranar wayarin.

Wanda ba shi da ita, akwai ƙaramin batir na rauta mai ba da bolt 12 kai tsaye. A yi hattara da lambar da ke jikinsa. In an rubuta 10,400mAh, a kan bolt 3.7 aka ƙirga, wato kamar wat-awa 38. A raba da 15, awa biyu da rabi ke nan, kafin a cire abin da ke tafiya a zafi. Ya isa ya riƙe intanet kafin a tada janareto, ya kuma hana na'ura mutuwa da tashi duk lokacin da aka juya layi, amma ba zai kwana da kai ba. A duba bolt da amfiya a jikin cajar ONT kafin a saya. A nan ma hanyar waya ta yi gaba: da PoE, wuri ɗaya za ka ba wuta duk na'urorin gidan su rayu, su kuwa na Mesh kowace da soket ɗinta, kowace da nata batir.

Ranar da za su zo haɗawa, ka kasance a gida. Ka nuna musu bakin fayif, ka sa su bar rarar zare kamar mita biyu a naɗe da faɗi kusa da ONT, don in kai ya lalace a sami abin yankewa. Ka ce su nuna maka ƙarfin hasken da ya iso. A GPON ana son ya faɗa tsakanin -8 da -27, kuma in ya kusa -27 tun ranar farko, ƙura kaɗan ta hunturu za ta iya tura shi waje, gara su gyara kafin su tafi. Koren kan da ke shiga ONT ba abin cirewa da mayarwa ba ne. Kada kowa ya leƙa bakinsa, don hasken ba ya ganuwa amma yana cutar da ido. A gaya wa yara.

A gidan yayana fayif bakwai muka ƙara: ɗaya daga katanga, ɗaya zuwa rufi, biyar zuwa cikin gida, duk suka haɗu a wani ɗan lungu kusa da falon baƙi. Waya uku kawai ya iya saye a lokacin, ta falo da ta silin ɗin ɓangarori biyu, sauran igiya ce a ciki. Mai wayarin ya ce, "Alhaji, wannan na katangar fa ba abin da zai shiga cikinsa yanzu." Yaya ya ce ya toshe bakin da kyau ya bar shi. Sun tare kafin azumi. Faibar har yanzu tana babban titi, ba ta shigo layinsu ba, don haka rautar 4G ce zaune a lungun, tana ciyar da wayoyin uku.